Bin Salsalar Kayan Gidan Tarihi: Yadda Ake Mai da Shi Aikin Jami'a

Da yawa daga cikin allunan tagulla na masarautar Benin, ta Nijeriyar yau, da ke Gidan Tarihin Birtaniya a Landan lambarsu ta rajista tana farawa da Af1898,0115. Ga mai yawon kallo, wannan tarkacen haruffa ne kawai. Ga wanda ya san kan abin kuwa, ƙofa ce. Af na nufin sashen Afirka, 1898 shekarar da aka shigar da kayan cikin kundi, sauran lambobin kuma su kai ka ga rukunin da kayan suka shigo tare. Daga nan sai kundin rajista, daga kundi sai wasiƙun Ma'aikatar Harkokin Waje wadda ta miƙa allunan, daga wasiƙu sai sojojin Ingila da suka ci birnin Benin da yaƙi a watan Fabrairun 1897, suka kwashe fadar Oba, wato sarkin Benin. Wanda ya iya bin wannan zare har ƙarshensa, ya kuma iya zama da jikokin masu kayan ya ji nasu bayanin, shi ne ke yin aikin da nake son bayyanawa.

Shawarata tun daga farko ita ce ka gina karatunka a kan tarin kaya guda ɗaya da ka sani ciki da bai. Ra'ayoyin masana za su zo daga baya, kuma suna canjawa kamar yayi.

Ka fara sanin gidan da za ka shiga

Antoropoloji, wato nazarin al'ummomi da al'adunsu, a gidan tarihi aka yanke masa cibiya. Lokacin da Janar Pitt-Rivers ya ba Jami'ar Oxford tarin kayansa a 1884, ya gindaya sharaɗin a gina musu wuri, a kuma samu wanda zai riƙa koyarwa a kansu. A shekarar ce Edward Tylor ya zama malamin wannan fanni a jami'ar. A Amurka, Franz Boas ya yi aiki a gidan tarihin halittu na New York daga 1896 zuwa 1905, yana kuma koyarwa a Jami'ar Columbia. Bayan masanin antoropoloji Malinowski ya dawo daga dogon zaman bincike a tsibiran Trobriand na tekun Pasifik, sai ma'auni ya koma daɗewar mutum a cikin al'umma da jin harshenta. Aka bar kaya a sito suna shan ƙura shekara da shekaru, mai aikin gidan tarihi kuma ana yi masa kallon wanda jirgi ya bari a tasha. Daga shekarun 1980 aka fara waiwayowa. Jawabin Shugaba Macron a Wagadugu a Nuwamban 2017, da rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy da ya biyo baya a 2018, dukkansu kan mayar wa Afirka kayan tarihinta, su suka mai da batun maganar gwamnatoci.

Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne ka gane cewa iyayen gida biyu za ka yi. Jami'a maƙaloli da koyarwa take ƙirgawa. Gidan tarihi kuwa yana so ya san ko ka iya ɗaukar kaya ba ka fasa ba, ka iya cika rajista, ka iya rubuta bayanin layi huɗu da yaro zai gane. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya, duk ranar da wancan ɓangaren ya rufe ƙofa ya zauna.

Digirin farko da harsuna

Ba dole ne digirinka na farko ya zama antoropoloji ba. Tarihi, ilimin haƙo kayan tarihi, tarihin zane-zane, har shari'a, duk suna kawowa nan. Sarr masanin tattalin arziki ne, Savoy kuma masaniyar tarihin zane ce. Abin da ba a yafewa shi ne harshe, kuma iri biyu ake bukata: harshen waɗanda suka ƙera kayan, da harshen waɗanda suka kwashe su suka rubuta. Mai son bin kayan Kamaru ko Tanzaniya ko Namibiya ba shi da makawa sai Jamusanci, na Indonesiya sai Holanci, na Kwango sai Faransanci da Holanci.

Iya harshen ma bai wadatar ba, sai ka koyi rubutun hannu na zamanin. Kundayen gidajen tarihin Balin na ƙarshen ƙarni na 19 da wani tsohon salon rubutu ake cika su mai suna Kurrent, wanda Bajamushen yau ma ba kowa ke iya karanta shi ba. Wata biyu ko uku kana kwafar shafi ɗaya kullum, idonka zai buɗe. Ka yi wannan tun kana ɗalibi, lokacin da babu wanda ke jiran sakamako daga gare ka.

Ka shiga sito

Abin da ke bayan gilashi ɗan ƙaramin kaso ne na abin da gidan tarihi ke riƙe da shi. Sauran suna ma'ajiya, kuma gani ya kori ji. Nemi aikin sa-kai ko na koyon aiki a kowane gidan tarihi da ke kusa da kai, komai ƙanƙantarsa. Ƙaramin gida ma ya fi, domin can za a ba ka aikin ƙidaya da ɗaukar hoto da gyaran rajista tun makon farko, a babba kuwa sai ka yi wata shida ba ka taɓa komai ba.

Akwai ladubban da za a duba a jikinka ba tare da an faɗa maka ba. Fensir ake shiga da shi, ba biro ba. Kafin ka ɗaga abu, ka share inda za ka ajiye shi. Hannu biyu ake sawa, daga ƙasa, ba a kama tulu ta marikinsa ko mutum-mutumi ta hannunsa. Safar hannu ba don kare kayan kaɗai ba ce: tsofaffin ma'aikata sun yi ta barbaɗa gubar arsenik da mahaɗin zaiba, daga baya DDT, a kan fata da gashin tsuntsu da tufafi don kashe ƙwari, kuma gubar tana nan. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne idan za a mayar wa al'umma abin rufe fuska da suke niyyar sawa.

Sai ka juya kayan ka dubi ƙasansa da bayansa. A nan ake samun tsohuwar lamba da aka soke, guntun takardar gidan gwanjo, rubutun tawada da ya kusa gogewa, ramin ƙusa. Ka ɗauki hoton kowanne da ma'auni a gefe. Kada ka taɓa cire tsohuwar takarda, ko da abin da ke jikinta cin mutunci ne. Shaida ce.

Digiri na biyu, da zaɓen tarin da za ka riƙe

Wuraren da suka yi suna a wannan haɗi sun haɗa da sashen nazarin gidajen tarihi na Jami'ar Leicester, wanda aka kafa a 1966, da kwas ɗin Oxford da ake yi tare da gidan Pitt Rivers, da cibiyar Sainsbury ta Jami'ar East Anglia, da École du Louvre a Faris. Cibiyar Smithsonian a Washington ta fara wani horo na bazara a 2009 don koya wa ɗaliban antoropoloji bincike da kayan gidan tarihi. Amma ni ba sunan makaranta nake fara tambaya ba. Tambayata ita ce: akwai sito a kusa da za a bar ka ka shiga kowane mako?

Wajen zaɓen tari, ka guji shahararru. Kayan Benin sun sha bincike, har shafin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya haɗa bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Ka nemi tarin wani ɗan mishan ko likitan soja ko ɗan kasuwa da ba wanda ya waiwaya, kaya hamsin zuwa ɗari biyu, wanda akwai takardu a bayansa, kuma al'ummar da kayan suka fito tana nan za ka iya zuwa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, aikin zai yi ɗingishi.

Yadda ake bin salsala

Nan ne gundarin sana'ar. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke tantance isnadi zai gane tsarin nan take: wane ya karɓa daga wane, shin sun yi zamani ɗaya, shin mai ruwayar abin dogaro ne, ina aka samu yankewa. Bambancin shi ne nan abu ne ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma daga ƙarshe ake farowa a koma baya.

Kada ka tsaya a bayanan kwamfuta. Abin da ke intanet kwafin kati ne, katin kuma kwafin kundi ne, kuma a kowace kwafa wani abu yana zubewa. Alamar tambaya da magatakarda ya sa a gaban sunan gari a 1905 takan ɓace, sai zato ya zama tabbas. Ka nemi ainihin kundin rajista, ka karanta shigarwar kayanka, ka karanta na sama da na ƙasa da ita. Daga nan ka nemi fayil ɗin wasiƙu na wannan rukuni, da rahoton shekara na gidan, da littafin kuɗi in sayen kayan aka yi.

Sai ka raba mutane uku da rajista ta saba cakuɗawa: wanda ya ba gidan tarihi, wanda ya kwaso daga ƙasar asali, da wanda aka karɓa daga hannunsa. Na taɓa ɓata kusan wata huɗu ina neman tafiye-tafiyen wani mutum da sunansa ke kan rukunin kaya, ashe bai taɓa barin ƙasarsu ba, gadon kawunsa ya kawo. Layi ɗaya a wata wasiƙa, wadda da na fara da ita da na huta, shi ya warware.

Kaya ba sa zama wuri ɗaya. Gidajen tarihi sun daɗe suna musayar abin da suka kira maimai, wato kayan da suke ganin suna da irinsu. Henry Wellcome, attajirin harkar magunguna a Birtaniya, ya tara abin da ya haura miliyan kafin rasuwarsa a 1936, aka yi shekaru ana rarraba su, har wajen 30,000 suka tafi Jami'ar Kaliforniya a Los Angeles a 1965. Dubban kayan Balin an kai su Leningrad ta Tarayyar Soviet bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka dawo da su Leipzig ta Jamus ta Gabas a ƙarshen shekarun 1970, ba su koma Balin ba sai bayan haɗewar Jamus. Ga kuma tarkon da sababbi ke yawan faɗawa: Pitt-Rivers ya yi tari na biyu a Farnham bayan wanda ya ba Oxford, a can ya ajiye kayan Benin da ya saya, kuma wannan tarin an sayar da shi a hankali bayan tsakiyar ƙarni na 20. Ganin sunansa a jikin abu ba ya nufin ya taɓa shiga Oxford. Don haka kundayen gwanjo da na dillalai, irin na W. D. Webster da ɗakin gwanjon Stevens a Landan, abokan aikinka ne.

Kalmomin rajista kuma ka karanta su da ido biyu. "An tattara", "an samu", "kyauta", duk suna iya ɓoye abubuwa da yawa. Tawagar Faransa ta Marcel Griaule da ta ratsa daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933 ta koma da kaya sama da 3,000, kowanne da katinsa tsaf. Sai da sakataren tawagar, Michel Leiris, ya buga littafin tafiyarsa a 1934 aka ga yadda suka ɗauke wasu kayan ibada na ƙasar Mali ta yau da barazana da sata. A Maƙdala ta Habasha a 1868, ma'aikacin Gidan Tarihin Birtaniya, Richard Holmes, yana cikin rundunar, ya kuma saya a gwanjon ganimar da aka yi. A takarda saye ne. Amma fa kada ka ɗauka duk abin da ke sito ganima ne. Da yawa a kasuwa aka saye su, wasu don baƙi aka ƙera su tun asali, wasu sarakuna ne suka bayar da niyyar ƙulla hulɗa. Mai binciken da ya yanke hukunci kafin ya buɗe fayil, ko ta wane ɓangare, lauya ne ba masani ba.

Ka buɗe wa kowane abu jadawali: kwanan wata, hannun da yake ciki, hujja, da ƙarfin hujjar. Inda sarƙa ta yanke, ka rubuta cewa ta yanke, ka faɗi daga wace shekara zuwa wace. Giɓin da aka bayyana sakamako ne.

Ka kuma nemi sunayen da aka danne. Yawancin kayan Kwakwaka'wakw, wata al'ummar 'yan asalin gaɓar yammacin Kanada, da ake dangantawa da Boas, George Hunt ne ya tattara su, mutumin da ya tashi a cikin al'ummar yana jin harshenta, ya kuma rubuta dubban shafuka na bayani. Kusan kowane Bature mai tattara kaya yana da tafinta ko jagora ko dillali irin wannan. Fito da su fili yana cikin abin da ya fi ba kundin digiri daraja a yau.

Ka je wurin masu kayan

Takarda rabin labari ce, kuma ɓangare ɗaya ne ya rubuta ta. Nan ne horon antoropoloji ke raba ka da mai tarihi zalla. Ka buga hotuna masu kyau ka tafi da su, amma kafin ka baza su a gaban jama'a ka tambayi dattawa wa ya halatta ya gani. Akwai abin da mata ba sa kallo, akwai wanda maza ba sa kallo, akwai wanda sai wanda aka shigar cikin asiri. Gawarwaki da ƙasusuwa kuwa hukuncinsu daban ne gaba ɗaya.

Ka faɗi gaskiyar matsayinka tun ranar farko. Mutane za su ɗauka kai ne za ka dawo musu da kayansu, alhali ɗalibi ba shi da wannan iko, kuma alkawarin da ba a cika ba yana rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayanka. Ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka da na hukumomin ƙasar, ka biya waɗanda suka ba ka lokacinsu, ka sa sunan wanda ya yarda a cikin abin da ka rubuta, ka bar musu kwafin duk abin da ka samo.

Digiri na uku

A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, kusan duka bincike. A Amurka yakan kai shida zuwa takwas, da kwasa-kwasai da koyarwa a ciki. Hukumar AHRC ta Birtaniya, mai ba da tallafin bincike, tana da tsarin da jami'a da gidan tarihi ke haɗuwa su duba ɗalibi ɗaya, wanda a ganina ya fi kowanne dacewa da wannan fanni. Gidauniyar Wenner-Gren tana tallafa wa binciken digiri na uku ba tare da duba ƙasar mai nema ba. Kada ka shiga ba tare da tallafi ba in da hali, domin aikin yana cin kuɗin tafiya sau biyu, zuwa ma'adanar takardu da zuwa wurin al'umma.

Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinka, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa abu biyu: cikin mako nawa yake dawo da babi, kuma ina suke aiki yanzu.

Doka da wallafa

Ba sai ka zama lauya ba, amma ka san iyakoki. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya ba ta waiwaye, don haka ba ta shafi abin da aka kwasa zamanin mulkin mallaka ba. Dokar Gidan Tarihin Birtaniya ta 1963 ta ɗaure hannun amintattunsa wajen fitar da kaya, abin da ya sa gwal ɗin Asante ya koma Kumasi a 2024 a matsayin aro. A Faransa sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 2020 kafin kaya 26 na fadar Abomey su koma Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021. Amurka tana da dokar NAGPRA ta 1990 kan ƙasusuwa da kayan ibadar 'yan asalin ƙasar, wadda sababbin ƙa'idojinta na Janairun 2024 suka sa wasu gidaje rufe zaurukan nuni. Za a tambaye ka waɗannan a kowace ganawar neman aiki.

Ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu kafin ka gama. Journal of the History of Collections, Museum Anthropology, Journal of Material Culture da Journal of Museum Ethnography su ne dandalin fannin. Kwamitin ɗaukar malamai ba ya ba baje kolin da ka shirya ko rumbun bayanan da ka gina nauyin maƙala, ko da sun fi ta wahala. Rashin adalci ne, amma haka abin yake, don haka duk aikin sito da ka yi ka fitar da rubutu daga cikinsa.

Bayan digiri

Kujerun dindindin kaɗan ne, masu nema da yawa. Abin da ya ƙaru bayan 2018 shi ne aikin wa'adi. Gidauniyar Jamus mai bin sawun kayan al'adu da suka ɓata ta fara tallafa wa binciken kayan zamanin mulkin mallaka a 2019, Holan da Beljiyam da Suwizalan ma sun buɗe nasu ayyukan. Mafi yawansu shekara ɗaya zuwa uku ne. A Jamus hanyar shiga gidan tarihi ita ce horon shekara biyu da suke kira Volontariat, a Faransa kuma jarrabawar gasa ce ke kai mutum ga muƙamin mai kula da kaya. Ka nemi damar koyar da kwas ko da guda ɗaya a kowace shekara, domin ranar da kujerar lakcara ta fito, wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba ba ya kaiwa zagaye na biyu. Ka kuma riƙa duba guraben sassan tarihi, nazarin yankuna da nazarin kayan gado, ba na antoropoloji kaɗai ba.

Kafin ka sa hannu a kowace kwangilar wa'adi, ka nemi a rubuta maka amsar tambayoyi uku. Shin kana da ikon wallafa abin da ka gano ko da bai yi wa gidan daɗi ba? Shin al'ummar da abin ya shafa za ta sami cikakken rahoton, da harshen da take karantawa? Kuma idan wa'adin ya ƙare, kana iya tafiya da kwafin jadawalinka da hotunanka? Ta ukun ce aka fi mantawa, sai mutum ya wayi gari an rufe masa adireshin imel na wurin aiki, bayanan shekara biyu suna ciki.